Maƙesun da Ke Kiwon Ruwan Tungar Marke

A shekarar da ruwa ya gudu daga Tungar Marke, rami shida Cindo maginin rijiya ya haƙa, kowanne ya fi na bayansa zurfi, bai sami ko danshin da zai jiƙa goro ba. A rami na bakwai ne ƙasa ta buɗe masa ƙofa.

Kafin mu bi shi ciki, ga halin da ya baro a sama. Rijiyoyin gari sun ƙafe tun tsakiyar rani, mata na tafiyar yini guda su dawo da tulu ɗaya. Maigari ya tara jama'a ya ce saura kwana bakwai, in Cindo bai fid da ruwa ba kowa ya ɗaure kayansa a koma bakin gulbi. Kowa ya yarda sai mutum ɗaya, tsoho Anaruwa, mahaifin Cindo, wanda ya gina rijiyoyin garin tun yana da ido. Yanzu ya makance, ƙafa ma ta ƙi. Ya ce shi ba inda za shi, a bar masa tabarmarsa kawai. Wanda ya san Anaruwa kuwa ya san in ya ce a'a, ko raƙumi aka ɗaura masa igiya ce za ta tsinke. Saboda haka ba ruwan gari kaɗai Cindo ke nema da daginsa ba, ran ubansa yake nema.

Shi Cindo ya kai shekara arba'in, da yatsa shida a hannun dama, kuma ya san aikinsa. In ya damƙi ƙasa ya murza ya ɗanɗana, zai faɗa maka gaba nawa ya rage a kai ruwa. Kullum maganarsa ita ce, abin da bai shiga hannunsa ba bai san shi ba. Haƙuri ne dai ranar da aka raba yana cikin rami.

Yana gaba ashirin da ɗaya cikin rami na bakwai ya ɗaga dagi ya kafta da haushi, sai ƙasa ta amsa kamar ganga. Ya sake kaftawa, ta burme da shi. Ya yi ta faɗuwa da daginsa da gorarsa da guntuwar igiyar rama a ƙugu, har ya gaji da salati, sannan ya dira kan wani tudun yashi mai sanyi.

Ƙasa ce mai faɗi, ba rana ba wata, haskenta irin na bayan la'asar. Samanta ƙasa ce, saiwoyin itatuwa na reto daga can. A filin kuwa ruwa ne ke yawo garke-garke, kowane kududdufi da tozonsa, yana tafiya yana ƙugi. Cindo bai gama buɗe baki ba wasu aljannu masu ƙafafun zalɓe suka ɗauke shi cak, suka dire shi gaban sarauniyarsu, Magajiyar Idon Ruwa. Tana zaune kan wani tulu mai girman rumbu, gashinta gansakuka, ruwa na ɗiga daga yatsun ƙafarta.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ya ba ka izinin huda mini rufin ɗaki har sau bakwai?"

Cindo ya durƙusa. "Allah ya ja zamanin Magajiya, ƙishirwa ce ta ba ni izini. Ruwan garinmu ya mutu."

"Ruwa ba ya mutuwa, wurin kiwo yake sakewa. Ka sani, kowane gari a bayan ƙasa yana da garkensa a nan, kowane garke kuma yana da makiyaya. Su ne maƙesu, ƙwarin nan masu wuta a gindi. Inda danginsu suka kwana, nan ruwa ke kwana a ƙarƙashinsu. Naku suna zaune cikin jemar fadamarku tun kakan kakanka. Wa ya cinna wa jemar wuta don farautar gafiya?"

Cindo ya sunkuyar da kai. Shi ne, da ƙyastunsa da ke cikin aljihu yanzu haka. Gafiya uku suka samu ranar, ɗaya ma ramammiya.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, laifi nawa ne. A nuna mini su in ba su haƙuri."

"Ba a nunawa, ganewa ake. Dangin maƙesu a ƙasata sun fi gashin kanka yawa, kowane da irin ruwan da yake kiwo. Naku yana da shaida uku. Rigarsa launin ɓawon gyaɗa ce, da baƙin ɗigo a bakin kowane fiffike. Mazauninsa inda ƙafa ke nutsewa zuwa idon sawu, kuma ba ya tashi sama da gwiwa. Wutarsa kore ce, yakan ƙyafta sau biyu ya yi shiru na numfashi uku. In ka haɗa biyu ka bar ɗaya, ba shi ba ne. Na ba ka magariba uku, kowace magariba sau ɗaya za ka nuna ka ce wannan ne. In ɗaya ya bi ka dangi za su bi shi, ruwa ya bi dangi. In ka kasa, ka zama mai share mini laka har abada."

"Na ji, na karɓa."

"Ka ji saura. Magariba ɗaya tamu kwana uku ce a wurinku."

Cindo ya lissafa da yatsunsa. Magariba biyu kwana shida ke nan. In ya kai ta uku, gari ya riga ya tashi an bar tsoho shi kaɗai. Bai ko yi sallama ba ya zabura da gudu.

Ya ratsa wani kwazazzabo inda duwatsu ke juyawa su bi mutum da kallo, ya haye wata gada ta saiwar kuka guda ɗaya, ƙarƙashinta ba a ganin iyaka. Daga nan ya faɗa dajin gamba. Gambar ta fi raƙumi tsawo, bakinta kamar aska, kuma duk inda ya ratsa sai ta rufe bayansa. Kafin ya kai tsakiya jikinsa duk ya yi tsaga-tsaga. Nan hasken ƙasar ya fara dushewa, magariba ta farko ta shigo.

Sai ga wuta ta tashi ko'ina a kan gamba, dubu bisa dubu, rawaya, kowace na jan dogon layi a sama kafin ta mutu. Mai hankali da ya tsaya ya duba launin wutar. Cindo kuwa tsalle ya yi ta yi yana cafka, har ɗaya ya shiga tafinsa. Ya buɗe yatsu kaɗan ya leƙa. Launin ɓawon gyaɗa, ga baƙin ɗigo a bakin fiffike, ba ko tantama.

Ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ne."

Gamba ta kwashe da dariya daga wannan gefe zuwa wancan. Muryar Magajiya ta fito daga ƙarƙashin ƙasa ta ce, "Ya kai mai gaggawa, dubi ƙafarka."

Ya duba. Ƙasar a bushe take ƙamas, har ta dare. Kama da wane ba ta wane, rigar ce kaɗai iri ɗaya. Kafin ya yi wani motsi garken da waɗannan maƙesu ke kiwo ya taso masa, ya banke shi, ya yi ta mirgina shi cikin gamba. Da ruwan ya shiga bakinsa ya ji zartsi, irin wanda ko jaki ba ya sha. A wurin maginin rijiya ba zagin da ya kai wannan. Garken ya tofar da shi can bayan daji, ya tashi yana kaki yana zagin gamba, yana zagin gafiya, yana zagin kansa.

Yana cikin haka ya ga wata fitila a gindin dutse tana numfashi. Da ya matsa sai ya tarar wani ƙaton burduddugi ne, kwaɗo mai girman turmi, cikinsa na haske saboda maƙesun da ya haɗiye. Fatarsa ta bushe tana tsagewa.

Kwaɗon ya ce, "Sannu da wanka, ya kai baƙo. Ni ne Burduddugi, dattijon wannan yanki. Na ɗanɗani dangin maƙesu ɗari tara da tara, na san kowanne a harshena. Ramina ya rufta, tsufa ya hana ni tonawa. In ka gina mini wani, in kai ka inda ƙafa ke nutsewa."

Wannan kam aikin Cindo ne. Ya kafa dagi, kafin a ce kwabo ya fid da rami har zuwa danyar laka. Burduddugi ya shiga ya jiƙa jikinsa, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce Cindo ya hau bayansa. Tsalle ɗaya suka wuce wani gari da aka gina da ƙanƙara, mutanensa na barci a tsaye. Tsalle na biyu suka ratsa kurmin da maƙesu suka lulluɓe kowace itaciya, suna kunnawa tare suna kashewa tare, har idon mutum ya juya. Cindo ya yunƙura zai sauka, kwaɗon ya ce, "Zauna. Waɗannan makiyayan teku ne, in suka bi ka garinku ya zama gidan kifi." A tsalle na uku suka dira bakin wata fadama mai jema da kacalla.

Cindo ya taka, ƙafarsa ta nutse zuwa idon sawu daidai. Ya ce a ransa yau kam an gama. Burduddugi ya buɗe baki zai yi magana, amma magariba ta biyu ta riga ta shigo, Cindo kuma ya riga ya kutsa cikin jema.

A nan wutar ƙasa-ƙasa take, ba ta wuce gwiwa, sai dai iri-iri ce. Akwai ja, akwai fara, akwai kore, wasu na rawa, wasu na ɗigo ɗaya-ɗaya. Cindo ya ce ba za a sake yi masa ta ɗazu ba, sai ya haɗa shaida uku cif a hannunsa. Ya zubar da sauran ruwan gorarsa, ya shiga kamu. Ya kama ya duba ya jefar, ya kama ya duba ya jefar, har ya sami mai rigar ɓawon gyaɗa da baƙin ɗigo. Ya jefa shi cikin gora, ya toshe baki da tafinsa, ya kafa ido ta tsakanin yatsu yana jiran ƙyaftawa biyu.

Ƙwaron ya kama wuta barkatai, ba biyu ba, ba uku ba, kamar mai zazzaɓi. Cindo ya jira. Ya girgiza gorar ya ce, "Yi magana mana." Abin ya ƙara rikicewa. Ya sake girgizawa, haske na ƙara dushewa a fadama, zuciyarsa na tafasa. Daga ƙarshe ya yi tsaki ya kife gorar ya watsar da shi.

Ɗagowar da zai yi, sai ga wata koriyar wuta can gaba kan ganyen kacalla, zaune wuri ɗaya. Ta ƙyafta sau biyu, ta yi shiru. Cindo ya ƙirga numfashi uku, ta sake ƙyafta biyu. Ga laka, ga ƙasa da gwiwa, ga ƙirga daidai. Riga fa? Wa ke da lokacin riga. Ya nufe ta da sassarfa yana nunawa da yatsa ya ce, "Wannan ne."

Wutar ta tashi daga kan ganye, tana tasowa tana girma, har ta kai girman kura. Rigarta toka-toka, ƙafafunta dogaye, bakinta da ƙugiyoyi biyu. Ta ce da murya mai zaƙi, "Marhaba da mai kira. Ni ba ruwa nake kiwo ba, laka nake kiwo, ita kuma tana jin yunwa." Nan take ƙasa ta saki. Cindo ya nutse zuwa gwiwa, zuwa ƙugu, zuwa ƙirji. Abin da ya cece shi dabarar masu rami ce: ya gicciye daginsa a kan tushen jema biyu, ya rataya a jiki, ya daina motsi. Halittar ta yi ta kewaya shi tana lasar baki, har magariba ta wuce wutarta ta mutu. Sannan Burduddugi ya miƙo dogon harshensa ya fizgo shi kamar an zare rogo.

Cindo ya kwanta cikin laka yana haki. Kwaɗon ya dube shi ya ce, "Ya kai ɗan Adam, waccan ita ce Maƙaryaciya. Ba ta da maganar kanta. Takan zauna kan ganye ta kwaikwayi wutar wasu, wanda ya sauko ta cinye shi. Ba ta taɓa farawa, sai ta gani take maimaitawa. Da ka tambayi kanka, wa take kwaikwayo?"

Kwaɗon bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Wanda ka watsar daga gorarka, shi take kwaikwayo. Shi ne makiyayinku."

"Ƙarya ne. Na duba shi da idona, wutarsa ba ƙirga."

"Ɗaurarre ba ya maganar gidansu. Duk maƙesun da ya shiga gora kuka iri ɗaya yake yi. Ni da nake haɗiye su na fi kowa sani, dubi cikina."

Cindo ya dubi cikin kwaɗon, wuta na ta ɓarin jiki barkatai, irin wadda ya gani a gora. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Takaici ya turnuƙe shi har ya rasa wanda zai zaga. Ya ɗauki gorar ya maka da ƙasa, ta ƙi ko fashewa, don wurin laka ce. Kwana shida sun tafi, gobe jakuna za su fita daga Tungar Marke, tsoho na zaune kan tabarma yana saurarensu. Ƙato ɗan shekara arba'in ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na haushin kansa ne.

Da ya gaji ya ce, "To in ba a kama shi, yaya zan kai shi gida? A aljihu zai shiga da kansa?"

Burduddugi ya ce, "Ba a kama shi, amsa masa ake. In ya ƙyafta biyu, matarsa takan bari numfashi biyu su wuce, ta amsa da ɗaya daga ƙasa. Wanda ya amsa daidai, shi zai bi. Wanda ya riga lokaci, ya san Maƙaryaciya ce, don ita kwaɗayi ba ya barinta ta jira."

Cindo ya kwance igiyar ramar da ke ƙugunsa, ya shanya ta kan dagi ta bushe. Tsawonta bai fi kamu uku ba. Ya fid da ƙyastu ya kunna bakinta, ya hure harshen wutar ya bar garwashi, ya gwada rufewa da tafi yana buɗewa. Sannan ya kashe, ya nemi tushen jema ya zauna, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne, don ya san halinsu.

Magariba ta uku ta shigo. Sauro ya taru a kansa kamar an yi gayya, bai motsa ba. Wuta ta tashi iri-iri. Wani mai ja ya sauka kan hancinsa, hannunsa na dama ya yi zillo, ya ƙara danne shi. Ya ga Maƙaryaciya can kan ganyenta tana ta ƙyafce-ƙyafce, ya lura lallai sai wani ya yi take yi. Ya bi da ido ya nemo wanda take bi. Can ga shi, yana tafe a hankali tsakanin jema, ƙasa da gwiwa. Kore, biyu, shiru. Cindo ya ƙirga numfashi uku, sai biyu kuma. Ya bar shi ya yi haka sau bakwai. Saura riga, kuma ba damar kamawa. Ya yi ta jira, ƙafarsa ta mutu, wuyansa ya ƙage, har ƙwaron ya zo wucewa dab da gwiwarsa ya kunna. Cikin hasken kansa Cindo ya ga ɓawon gyaɗa, ya ga baƙin ɗigo.

Ya ce a hankali, kamar mai tsoron tada jariri, "Wannan ne."

Fadama ta yi tsit. Muryar Magajiya ta ce, "Ka gane shi, ya kai maginin rijiya. Ga hanya a bayanka, ta haura zuwa ƙasarku. Da baya za ka tafi, fuskarka na wajensa. In wutarka ta mutu kafin ka fita, shi ke nan."

Ya kunna igiya ya rufe da tafi. Maƙesu ya ƙyafta biyu. Numfashi ɗaya, numfashi biyu, Cindo ya buɗe tafi ya rufe. Ƙwaron ya juyo. Cindo ya saɓa dagi, ya rataya gora, ya ja taki ɗaya da baya. Ko sallama da Burduddugi bai samu yi ba, sai da ka.

Haka suka kama hawa, taki ɗaya a kowace amsa. Dangi suka taso daga cikin jema suka bi ɗan'uwansu, koren haske ya cika hanya. Can bayansu Cindo ya ji ƙugin garke na tafe, sanyi na bugo fuskarsa, da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Hanyar ta ƙuntata, saiwoyi na kama masa wuya, duwatsu na gurje masa diddige, ba damar waiwaye. Igiya kuwa sai ci take, kamu uku ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya.

Da ya ga saura taƙi guda, tsohon halinsa ya motsa. Ya ce bari ya ɗan rage jira, ya buɗe tafi bayan numfashi ɗaya. Nan take maƙesu ya kashe wutarsa, dangi duka suka kashe. Duhu ya rufe, ƙugin ruwa ya fara ja da baya. Cindo ya ji kamar ya haɗiye harshensa. Ya tsaya cik, igiya na ci a banza cikin tafinsa, ba abin da zai iya sai jira. Sai da ya fid da rai sannan koriyar wuta ta ƙyafta biyu, can nesa. Ya ƙirga numfashi biyu cikakku, waɗanda suka fi kowane numfashi tsawo a rayuwarsa, ya amsa.

Igiya ta ƙare saura ɗan guntu, garwashi ya kai fata. Ya maƙale shi a jikin ƙaramin yatsansa na shida, yana jin ƙaurin naman kansa, yana ƙirga, yana buɗewa, yana rufewa. A haka ya ji iska ta bugi ƙeyarsa. Ya fito da baya ta wani ramin dabgi a ƙarshen fadamar Tungar Marke, ana dab da ketowar alfijir. Maƙesu suka fito bayansa, suka kewaya ƙonanniyar fadamar, suka sauka kan wani ɗan tushen jema da wuta ta tsallake. Cindo ya kafa daginsa a wurin, ya ruga cikin gari.

Ba kowa. An cire ƙyamare, an kwashe turame, ko kaza babu. Sawun jakuna ya nufi kudu, iska har ta fara share shi. A gindin marken ƙofar gidansu ya sami Anaruwa kan tabarma, ga tulu a gefensa. Cindo ya girgiza tulun, abin da ya rage bai cika ludayi biyu ba. Leɓen tsohon duk ya tsage.

"Baba, ni ne."

"Na ji takunka. An ce rami ya cinye ka, na ce rami bai isa ba. Ka samo?"

"Na samo wurin. Amma gina rijiya sai mutum biyu, wa zai ja mini kwando?"

"Ido ne ba ni da shi, hannu yana nan. Ɗauke ni."

Ya goya shi zuwa fadama, ya koma ya kwaso igiya da kwando daga bakin tsohon rami. Ya tone tushen jemar da ƙasarsa ya dasa a gefe, sannan ya fara. Yini biyu suna yi. Cindo na ƙasa yana sara da ƙonannen hannu, yana yanka matakai a bango, tsoho na sama zaune ya tokare ƙafa da gungume yana jan rabin kwando, don cikakke ya fi ƙarfinsa. Duk kwandon da ya hau sai ya damƙi ƙasar ya ɗanɗana, ya leƙo da makahon idonsa ya ce ramin ya karkace. Ruwan tulu kuwa da tsinke suke ɗiga shi a harshe. Aka wuce baƙar ƙasa, aka wuce marmara, aka shiga yumɓu. A gaba huɗu farin yashi ya fito, dagi ya dawo a jiƙe. Cindo ya tsaya yana kallon ruwa na tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafarsa.

Bai sha ba. Ya bari ya kwanta, ya cika gora, ya hau matakai ya sa ta a hannun ubansa. Anaruwa ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya juya shi, sannan ya haɗiye. Ya sake kurɓa mai yawa.

Ya ce, "Ba zartsi." Ya goge baki. "To, naɗe tabarmar, mu bi su."

Cindo ya zauna daɓas. "Mu bi su? Baba, ka san inda na je kuwa? Gamba ta yanka ni, laka ta haɗiye ni, dubi hannuna. Duk don ka ce ba za ka bar garin nan ba. Yanzu da ruwa ya zo ne za ka tashi?"

"Wa ya ce maka garin nake riƙewa? Shekara hamsin ina shayar da mutane. Ba zan yarda a ce Anaruwa ya tashi ya bar busassun ramuka a bayansa ba, matafiyi ya zo da ƙishirwa ya leƙa, ya tsine wa wanda ya gina. Yanzu ko tsuntsu ya sauka zai sha. Ni kuma kwana huɗu ban ji muryar jikokina ba."

Cindo ya miƙe. Ya sauka ya sake cika gora, ya gicciya itace a bakin rijiyar don kada dabba ta faɗa, ya durƙusa tsohon ya hau bayansa. Sai a lokacin ya ji yadda ya yi sakayau, kamar ya goyi damin kara.

Sun ɗan taɓa tafiya kan sawun jakuna, Cindo ya ce, "In mun same su, ce musu zan yi su dawo."

Anaruwa ya rungume gorar a ƙirjinsa ya ce, "Wannan kuma maganarka ce, rijiyar taka ce. Ni dai tafi a hankali, kada ka zubar mini da ita kafin yaran su sha."